Gonar Ƙungiyarmu

Ƙungiyarmu ta ƙwallo a Birnin Kudu tana da gona a hanyar Sundimina, wani dattijo ne ya bar mana ita. Duk damina mu 'yan wasa muke fita gayya mu shuka riɗi. Idan kaka ta yi mu sayar, mu sayi riguna da ƙwallaye, mu biya motar zuwa wasa. Ba mu taɓa ɗaukar kofi ba, amma ba mu taɓa roƙon kowa ba.

Sai shekarar da 'yan Gwaram suka lallasa mu a gaban jama'armu. Alhajin da ke shugabantarmu ya kasa haɗiye abin. Ya tara mu ya ce a sayar da gonar, a ɗauko 'yan wasa daga Kano.

Mai tsaron ragarmu ya ce, "Alhaji, manomi ba ya cin iri."

Aka ce tsoro ne ya yi masa yawa.

Aka sayar da gonar. Baƙin suka zo, kuma sun iya, ba ƙarya. Mu da muka sha ranar noman muka koma benci muna tafi. Aka ci kofin, aka zagaya gari da shi a kan babura.

Kuɗi na ƙarewa baƙin suka ɗauki jakunkunansu. Ban ga laifinsu ba, hayarsu aka yi. Da damina ta zagayo babu gonar da za a yi wa gayya, ƙungiya ta watse.

Kofin yana falon Alhaji yana tsatsa. Gonar kuwa har yau tana ba da riɗi. Bara ma ni da mai tsaron ragar muka yanke shi, ƙwadago, sabon mai gonar yana tsaye a kanmu.