Miyar Waje da Miyar Ciki

Shekarun baya, wajen lokacin da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, aka yi wa maigidana ƙarin girma a wurin aiki, aka kuma ɗauke shi daga Nguru zuwa Gashuwa. Ni dai kun san halina, ba mai son fita ba ce, ko a Nguru sai in daɗe ban leƙa ƙofar gida ba. Amma na yi murna. Mahaifiyata ma har guɗa ta rangaɗa, tana cewa 'yarta ta zama matar babban ma'aikaci.

A Nguru albashinsa ɗan kaɗan ne, amma ban taɓa jin ƙarancinsa ba. A gidan kawunsa muke zaune, babu haya. Rijiya tana tsakar gida. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya daga ɗakin mahaifiyata suke zuwa, ko ban aika ba. Da muka sauka Gashuwa sai na tarar komai da kuɗinsa, har ruwan da za ka wanke hannu sai ka tsayar da ɗan garuwa. Ba a jima ba kuma rediyo ta ba da sanarwar an yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Wallahi kafin kuɗin su iso hannun maigidana sun riga sun iso kunnen kasuwa. Mai gidan haya ya zo taya mu murna, bai tashi daga tabarma ba sai da ya ƙara kuɗin haya. Mai itace ya rage ƙullinsa. Makarantar yara ta aiko da nata saƙon. Ga 'yan uwa ta ko'ina, kowa ya ji rediyo. Albashin da ake faɗa a baki sai ka ji gabanka ya faɗi don girma, amma da wata ya raba tsakiya sai ka ga baban yara ya fara shafa aljihu yana cewa, "Wata ya yi nisa."

To a unguwar da muka zauna ana ciyayya. Bayan sallar magariba magidanta sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wani dattijon ɗan kasuwa, wanda iyayensa daga Haɗeja suka zo, kowa Alhaji yake ce masa. Kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a jera, a buɗe, a ci tare. Ƙofar Alhaji kuwa bango ɗaya ne tsakaninta da zaurenmu. Ni kuma Allah ya hore mini kunne. Da maigidana ya ɗauki kwano ya fita, sai in lallaɓa zaure kamar mai neman tsintsiya, in tsaya in ji abin da za a ce da miyata.

Ranar farko da na ji an ce, "Kai, buɗe mana na gwamnati tukuna, shi ne mai maiƙo," sai da kaina ya kumbura. Daga nan na shiga uku ban sani ba. Kwanon babban ma'aikaci ai ba ya fita da miya lami. Da abubuwa suka matse sai na koma tukunya biyu. Ɗan kifin banda ko ɗan naman da aka samu, da cokalin man da ya rage, duk su tafi miyar waje. Ni da yara mu ci tuwon dawa da miyar kuka wadda daga gishiri sai daddawa. Maigidana ya sani, bai taɓa cewa in yi ba, bai kuma taɓa cewa in bari ba. Kowa ya yi shiru da bakinsa, muna rufa wa albashi asiri.

Ana cikin haka, ƙarshen bazara, zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki, sai ga yayan maigidana daga wani ƙauye ta wajen Yusufari. Wannan bawan Allah shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya yi noma ya yi kiwo, ya bar ƙaninsa a makaranta. Maigidana ko zama ba ya yi a tabarma ɗaya da shi sai ya ce masa zauna. Ni kuwa har na haifi 'ya'ya huɗu bai daina ce mini amarya ba.

Abin da ya kawo shi, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ne ya mutu, ga damina ta kawo kai. Sa ɗaya ba ya jan garma. Yana so ƙaninsa ya saya masa wani kafin ruwa ya sauka. Ina daga ɗaki na ji yadda suka yi.

"Yaya, wallahi wata ya yi nisa," in ji maigidana, murya ƙasa-ƙasa.

Duk ma'aikaci ya san ma'anar wannan magana, wato babu, kuma ko watan ya mutu babu ɗin ce. Amma Yaya manomi ne, sai ya ɗauki maganar a yadda ta fito.

"To ai ba komai," ya ce. "In ya yi nisa ai zai dawo kusa. Sai in jira shi. Ku da kuke girbi sau goma sha biyu a shekara? Mu fa kaka ɗaya gare mu, ita ma sai Allah ya so."

Ya rataye jakarsa a ɗakin zaure, ya zauna jiran wata.

Baƙo irin wannan kuwa ai ba a yi masa ƙwauro. Na ƙara gyara miyar waje. Kajina biyu da na zo da su daga Nguru, ɗaya bayan ɗaya suka bi ta cikin kwanon ciyayya. Ashe ramin kanmu nake haƙawa. Duk ƙashin da Yaya ya tsotsa, ƙara tabbata yake yi ƙaninsa ya yi arziki. Maƙwabta kuma ba su taimaka ba. Akwai wani malamin asibiti mai barkwanci, kullum sai ya ce, "Yaya, ci ka ƙoshi, ƙaninka ai shi ne gwamnatin Gashuwa. Sa ɗaya? Garke zai kora maka." A yi ta dariya. Ina jin dariyar maigidana a ciki, irin wadda ba ta wuce maƙogwaro.

Wata ya mutu, albashi ya zo, ya bi hanyoyin da ya saba bi tun kafin ya kwana. Abin da maigidana ya iya tattarawa ya kai wa yayansa, ko cinyar sa ba zai saya ba. Yaya bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya ce kawai, "Mayar da abinka aljihu. Ba bara na zo ba." Ya kuma ce ranar kasuwa zai bi a-kori-kura ya koma gida.

Da magaribar nan ya fito ciyayya kamar kullum, ya zauna. Ya ci na Alhaji, ya ci na malamin asibiti, amma bai sa hannu a kwanon ƙaninsa ba. Ban gani da idona ba, amma na ji yadda hira ta mutu, na kuma ga kwanon da ya dawo, gefen da yake ci ba a taɓa ba. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. In ya hau mota a haka, to zumuncin ya tafi ke nan, sai dai a haɗu a wurin jana'iza. Maigidana ya shigo ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Na ce, "Baban yara, ka faɗa masa gaskiya mana."

Ya ce, "In ce masa me? Ya ci kaza a gidana jiya, in ce masa ba ni da shi?"

Washegari na wuni ina juya maganar nan. Da yamma ta yi ban ɗora tukunya ta biyu ba. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyarmu ta cikin gida, na zuba a kwanon waje, na rufe ruf, na ɗora faifai a kai. Maigidana ya dawo daga masallaci ya ɗauka ya fita, bai buɗe ba. Ni kuma na bi bayansa zuwa wurin tsintsiyata.

Na ji ƙarar murfi. Malamin asibiti ya fara cewa, "A'a, yau gwamnati ta..." sai ya haɗiye sauran.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda Yaya zai fassara abin. Sai na ji muryarsa, a sanyaye: "To, madalla. Na gane. Baƙon da ya daɗe, da miya ake sallamarsa. Ku ce wa amarya ta kwantar da hankalinta, gobe war haka ina gida."

Innalillahi. Na zo gyara na ɓata. Ni da ko gaisuwa sai na durƙusa daga bayan ƙofa nake yi masa, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya, wallahi ba kora ba ce! Abin da ni da yara muke ci ke nan tun da ka zo, tun ma kafin ka zo. Waccan miyar ta fita kunya ce. Kajin da ka ci nawa ne, daga Nguru na zo da su, kuma sun ƙare. Girbi goma sha biyun da ka ce gaskiya ne, amma bazararmu ma goma sha biyu ce."

Na rufe bakina da hannu, amma magana zarar bunu ce. Can sai Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina zaune a jikin bangon nan, ban san yana magana ba sai yau."

Aka fashe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da dariyar ta lafa Alhaji ya ce, "Malam, ka yi haƙuri in sa baki. A shagona ƙaninka yake awo. Da ya zo garin nan buhu yake ɗauka. Ya koma kwano. Yanzu wani lokacin gwangwani ne, shi ma sai ya waiga ya ga ba kowa. Ni ban faɗa ba don ba a tambaye ni ba." Malamin asibiti ya ce, "In don wannan ne, a je a buɗe tukunyar gidana. Naman da kuke gani a kwanona, tun shekaranjiya yake fitowa yana komawa, ya fi ni sanin hanya."

Yaya bai yi dariya ba. Sannan na ji ya ce wa ƙaninsa, "Kai kuma da bakinka, sai da bango ya faɗa mini? Ni na goya ka fa. Miƙo ruwan wanke hannu." Kwanon nan ya dawo mini a sharce, kamar an wanke.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Maigidana ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da hanci, don a ganinsa na tsiraita shi a gaban maza. Sa kuma bai samu ba a wannan shekarar. Yaya ya karɓi ɗan abin da aka ba shi ya koma, ya haɗa sansa da na wani maƙwabcinsa, suna huɗa yau gonar wannan gobe ta wancan, shukarsa ta ɗan makara. Sai bayan damina biyu suka haɗa ƙarfi shi da ƙaninsa aka sayi ɗan maraƙi aka raina. Amma ya tafi yana sa mana albarka, kuma har Allah ya karɓi ransa bai taɓa zuwa Gashuwa hannu rabbana ba, ko ƙullin gero ne sai ya riƙo. Ni ma ban sake ɗora tukunya biyu ba. In akwai, kowa ya ci, in babu, kowa ya gani.

Yanzu maigidana ya yi ritaya, mun dawo Nguru, ina zaune cikin jikoki. Ina jin yaran yanzu suna ambaton albashin da ko a mafarki ba mu taɓa jin irinsa ba, kuma ina jin su suna kukan bai kai su ƙarshen wata ba. Mutane su ce ƙarya ne, rowa ce. Ni ba na saurin cewa haka, don na san sunan kuɗi daban, abin da suke saya daban, kuma rediyo sunan kawai take faɗa. Abin da ke ba ni tausayi shi ne mai albashi ko kuka ba a yarda ya yi, daga ya buɗe baki sai a ce ya raina ni'imar Allah.

Kwanakin baya ƙanwata ta zo da zumuɗi, wai wani ya fito neman 'yarta, ma'aikaci ne mai albashi mai tsoka, sun je gidansu an tarbe su da shinkafa da kaji. Na ce Allah ya sanya alheri, yaron kirki ne na ji ana faɗa. Sannan na ce, "Amma tsaya, nawa ga wata kuka je?"