Madarar Ayar Auta

Rana ɗaya muka karɓo takardar rage ƙiba, ni da ƙanwata, autar gidanmu. Dukanmu jikin mahaifiyarmu muka ɗauko. In muka shiga napep mu biyu, direba ba ya neman na uku. Ita ciwon gwiwa ne ya kai ta asibiti, ni kuwa hawa benen makarantar da nake koyarwa ne ya fara gagarata. Wata malamar asibiti ce ta rubuta mana abin da za mu ci da wanda za mu bari.

Barin sukari da soye-soye bai yi mana zafi kamar barin madara ba. A gidanmu shayi ba ya amsa sunansa sai ya yi kauri. Malamar ta ce mu koma madarar aya, kofi ɗaya da safe, ba dabino, ba kwakwa, ba komai.

Ni ke da injin markaɗe da firji, don haka aikin ya faɗo kaina. In jiƙa aya ta kwana, in wanke ta har sau uku saboda tsakuwa, in markaɗa, in tace da ƙyalle. Abin da ke fitowa tsararo ne, ba ya ko sauya wa shayi launi sosai. Sai in zuba a gora biyu, tawa mai shuɗin murfi, tata mai ja, in ajiye mata a gidanta da ke unguwar Mairi a hanyata ta zuwa aiki, da ƙanƙara a leda don zafin garin nan ba ya barin aya ta wuni.

Wata biyu Auta ta zube. Ni kuwa ina nan jiya i yau. Gaskiya ɗaya ce, ɗanɗana gishirin miya a wurina ludayi uku ne, kuma maigidana a kasuwar kifi ta Baga Road yake, ba ya shigowa hannu rabbana. Amma a lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne ni ke jiƙawa, ni ke tacewa har yatsuna su yi tsami, ita ke ramewa.

Ranar wani suna a Old Maiduguri abin ya kai ni maƙura. Na naɗe jikina da lafaya, don lafaya ba ta tona asirin kowa. Sai ga Auta ta shigo cikin ɗinkin atamfar da ta ajiye tun kafin haihuwarta ta fari. Gwaggonmu, tsohuwa mai baki, ta tafa hannu.

"Wushe, wushe, sannu da zuwa! Wannan 'yar wane gida ce? An koma budurwa!" Sannan ta juyo kaina. "Ke kuma taki takardar akuya ce ta cinye?"

Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, ta dole. Tun muna yara ni ake nuna mata a ce ta yi koyi. Ranar na ji haushinta har cikin ƙashina, kuma ba ta yi mini komai ba.

Washegari na zuba wa gora mai jan murfi madarar gari cokali huɗu, na markaɗa dabino a ciki. Na gaya wa kaina tausayi ne, yarinya ta rame da yawa. Ƙarya nake yi, na kuma san ƙarya nake yi.

Ta bugo waya da rana. "Yaya, hannunki akwai albarka! Yau har kofi uku na sha."

Mako uku ina yi. Sikelinta ya tsaya, sannan ya fara komawa sama, ciwon gwiwar ya dawo. Ta ɗora wa kanta laifi, ta daina cin abincin dare. Da ta gaya mini tana shirin kuka, na ba ta haƙuri da baki, a zuciya kuwa na ji sanyi. Wannan sanyin ne har yau nake jin kunyarsa.

Wata Asabar da safe ta yi sallama ba zato, riƙe da kwanon jiƙaƙƙiyar aya. Maƙwabciyarta, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan shayi, ta ɗanɗana madarar ta ce sai an koya mata. Auta ta gwada a gida har sau biyu, tata ta fito salam.

"Yau a gabana za ki yi, Yaya. In ga sirrin."

Ta jawo kujera ta zauna a ƙofar kicin. Na wanke, na markaɗa, na tace, ina jan lokaci ko za ta tashi. Ba ta tashi ba. Na miƙa mata kofi.

Ta kurɓa, ta riƙe a baki. Ta sake kurɓa.

"Ai wannan irin tawa ce."

Na ce wataƙila ayar ce ba ta da kyau. Ta ajiye kofin. Ta miƙe ta buɗe durowar da ke saman kaina, kamar mai neman cokali. Gwangwanin madara na nan, ya kusa ƙarewa, a gidan da aka ce an bar madara, ga ledar dabino a gefensa.

Na so ta yi faɗa. Da ta zage ni da na samu abin mayarwa. Sai kawai ta rufe durowar a hankali, ta wanke kofin ta kife.

"Yaya, da kin ce in jira ki, wallahi da na jira ki."

Ba ta gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarmu. Tana zuwa gidana, muna gaisawa, muna hira, ranar sallah ita ke fara kawo mini tuwo. Amma ko ruwa na kawo mata, sai ta yi murmushi ta ce yanzu ta sha.