Goshin da na auna kwana bakwai

Ranaku da yawa sun ɓace mini a cikin shekarun da na yi ina aiki a gidan likita, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo surukina a kan amalanke ba, alhali takardar da ke aljihuna tana cewa yana kwance a ɗakinsa. Majonmu na yanzu, wato shugaban gidan likitan, ya ce in bar wa sababbin ma'aikata wata magana kafin in miƙa makullai. Wannan zan bari, domin akwai guntunta da na daɗe ina ɓoyewa.

Ni ba likita ba ne. A aji shida na tsaya a lakol, wato makarantar boko. Lebura aka ɗauke ni: shara, dafa kayan aiki, ɗaukar mara lafiya daga ƙofa zuwa gado. Gidan likitanmu ƙarami ne, a wani gari da ke kusa da Cadawa. Shugabansa shi ake kira majo, shi ke duba marasa lafiya, shi ke sa hannu a kan duk takardar da za ta tafi wurin babban likitan yanki. A lokacin mu uku ne kawai: Majo Abdu, wanda bai kai shekara talatin da biyar ba, da unguwarzoma, da ni.

A bazarar 2020, shekarar da ake shirin zaɓen shugaban ƙasa, korona ta shigo. Aka rufe lakol, aka rufe masallatai, aka hana taro. Dokar da ta shafe mu kai tsaye ita ce: duk wanda ya dawo daga tafiya daga waje sai ya zauna ɗaki ɗaya shi kaɗai har kwana goma sha huɗu. Safe da yamma ma'aikaci zai je, ya dubi idonsa, ya saurari numfashinsa, ya tambaye shi tari da ciwon kai, sannan ya ɗora masa na'urar auna zafi a goshi, wadda mutane ke kira bindiga. Lambar da ta fito sai a rubuta ta a takardar da muke kira fish, a sa hannu. In ta wuce 38, a gaya wa majo nan take.

Babu wanda ya fi ni faɗa a garin nan a kwanakin. In na wuce na ji tafin suna a bayan katanga, sai in tsaya in yi magana. In na ga an jera takalma a ƙofar zaure lokacin azahar, na san jam'i ake a ɓoye, sai in yi magana. Maƙwabcina Ɗan Tani mahauci har suna ya sa mini, Malam Jabel, saboda warin jabel, ruwan wanke hannu, da ke bina.

“Malam Jabel,” in ji shi, “cutar ga ta masu jirgin sama ce. Mu da ko mota sai ranar kasuwa, ina za ta ishe mu? So suke su ɗaga zaɓe, shi ke nan.”

Nakan koma gida raina a ɓace, in ce wa maiɗakina Zainabu mutanen nan ba za su ji ba sai sun ga gawa.

Saura kamar kwana goma a kama azumi, sai mahaifin Zainabu, Alhaji, ya dawo daga Katsina. Iyaka a rufe take, ta daji ya biyo a kan kabu-kabu, kayansa na sukari da dabino suka biyo baya. Ya dawo da ɗan tari. Maigari ya aiko wa Majo, Majo ya je ya tsaya daga tsakar gida ya yi masa bayani. Alhaji bai yi gardama ko kaɗan ba. Ya ce, “To, likita, yadda kuka ce.” Ya kamata saurin yardar nan ta ba mu tsoro, domin kasuwar gab da azumi ita ce shekarar mai sukari.

Da muka dawo, Majo ya miƙo mini fish da bindiga. “Baba Isufu, surukinka ne. Zai fi jin maganarka. Ka riƙe mini shi.”

Nan ne kuskurena na farko. Da na ce masa ba zan iya ba. Shekara ashirin da huɗu ina auren Zainabu, ban taɓa cin abinci a gaban mahaifinta ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya, ratsewa nake in cire takalmi in durƙusa. Haka aka rene mu, ku ma kun sani. Amma na ji kunyar in ce wa yaro kamar Majo ina jin kunya. Na karɓa.

Ga yadda na yi aikin. In na isa, sai in yi sallama daga zaure, in cire takalmi, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakin. Akwai asabari a sake. Kaina a sunkuye, in ce, “Baba, an kwana lafiya?” Daga ciki a ce, “Uhm.” In ce, “Ya tarin?” A ce, “Uhm, da sauƙi.” Ba a doguwar magana tsakanin mutum da surukinsa, don haka ban ga abin mamaki ba. Sai in ɗaga hannu sama ta gefen asabari, fuskata na kallon ƙasa, in ji goshi ya matso, rawani ya taɓa yatsuna, bindiga ta yi ƙara. In duba lamba, in rubuta, in sa hannu. Ido, ban duba ba. Numfashi, ban saurara ba. Amma a fish na cika gidajensu duka: lafiya, lafiya.

Mai kallon ƙasa ƙafa yake gani. Ran kwana na uku, ranar Laraba, asabarin ya ɗan ɗage, na ga ƙafafun da ke tsaye a gabana. Faso ya tsattsaga dugadugan, farcen babban yatsa ya rabe biyu. Ƙafar mai bin shanun huɗa ce. Alhaji kuwa bai taka ƙasa ba takalmi ba tun kafin a haifi matata. Na tsaya da bik, abin rubutuna, a hannu. Sai na ce wa kaina wataƙila wahalar hanyar daji ce. Na rubuta 36,6. Na sa hannu.

Daga kwana na biyar lambar ta fara hawa. Ran na bakwai da safe ta nuna 38,3. Na dawo da sauri, na tarar Majo yana ɗakin haihuwa tare da unguwarzoma, haihuwar ta zo da gardama. Na ce bari ya fito. Na hau shara.

Wajen azahar na ji hayaniya a ƙofa. Amalanken jaki ne, mutum huɗu a kai suna tallabe da wani, wasu fiye da ashirin suna biye a ƙasa, ba mai ko ƙyalle a hanci. Na ɗauko gadon ɗaukar mara lafiya na nufe su ina faɗa, “Ku ja baya! Ku ja baya!” Na duba wanda ke kwance. Alhaji ne. Bakinsa a buɗe, ƙirjinsa na sama da ƙasa, gari-garin sukari a hannun rigarsa.

Majo ya fito yana cire safar hannu. Ya dubi Alhaji, ya dube ni.

“Daga ina?”

Ɗan Tani ne ya amsa. “Daga kasuwar Cadawa. Yana cikin awo ya kife.”

“Tun yaushe yake can?”

“Tun da munka yi asuba. Jiya ma yana kasuwar gabas. Shekaranjiya suna ya je Sae Sabuwa, shi ma ya raɗa wa yaron suna.”

Majo ya miƙo hannu. “Baba Isufu, ba ni fish.”

Ya karanta a tsaye, a gaban jama'a. “Yau, ƙarfe takwas na safe, a ɗakinsa. Sa hannunka ne wannan?”

Na ce nawa ne. Na juya ina duban mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabtana ne, da ’yan'uwan matata, da waɗanda muka yi wasan ƙasa tare. Babu wanda mamaki ya bayyana a fuskarsa. Ashe gari duka ya sani. Ashe kwana bakwai ina wucewa da bindiga a hannu, suna gaishe ni, suna ba ni hanya.

“Haba Malam Jabel,” in ji Ɗan Tani, “a ce Alhaji ya zauna ɗaki sukari na narkewa? Ai an bar maka wanda za ka auna.”

Wasu suka yi dariya. Majo bai yi ba. Idonsa na kan takardar, yatsansa na bin lambobin daga sama zuwa ƙasa. Sai ya ɗago.

“To wannan zafin da ke hawa, na wane ne?”



Ya bar unguwarzoma da Alhaji, ya kira ambilans daga Agye, ya tayar da moto, wato babur ɗinsa, na hau baya. A zauren Alhaji mun tarar da mata da maza sun cika, sun zo jaje. Majo ya ratsa su, ya kama asabarin nan ya fizge shi gaba ɗaya.

Baba Kalla ne a kan gadon. Ƙanen Alhaji ne, ɗan baffansa, tsoho marar iyali, mai noma gonar Alhaji da damina. Yana sanye da rawanin Alhaji da babbar rigarsa, ya lulluɓa da bargonsa, yana rawar sanyi a cikin zafin bazara. Da rana shi ke kwana a gadon, da almuru Alhaji ya dawo su ci tuwo kwano ɗaya, Alhajin ya kwana yana tari a kansa.

“Baba, mi ya kawo ka nan?” in ji Majo.

“Yaya ya ce in zauna mishi. Yanzu rani ne, wane aiki gare ni? Ga fura, ga nama kullum. Ni tun da nike ban taɓa hutawa irin wanga ba.” Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa.

A bakin moto Majo ya tsayar da ni. Ya rage murya don kada na zaure su ji. “Baba Isufu, tambaya ɗaya. Ka sani?”

Na ce, “Wallahi ban sani ba, Majo.”

Ya yarda. Da babban likitan yanki ya nemi bayani a rubuce, Majo ya rubuta cewa iyali ne suka yaudari ma'aikacinsa, shi ya ɗauki laifin tura ni. Shi aka yi wa faɗa. Ni ko kira ba a yi mini ba.

Da yamma na tambayi Zainabu. Ba ta musa ba, ita ke dama furar da ake kai wa ɗakin. Ta ce, “Malam, ni in tona ubana? Ai cewa na yi kwana sha huɗu kamar gobe ne.”

Ambilans ta tafi da Alhaji Maradi. Ya yi makonni, ya dawo da ransa, ko da yake har yau ba ya iya tafiya mai nisa. Baba Kalla ya ƙi a kai shi ko'ina, ya ce bai taɓa kwana a birni ba, ba zai fara yanzu ba. Muka ware masa ɗakin baya. Ni na roƙi Majo ya bar mini jinyarsa.

Ran kwana na uku ina ba shi ruwa da cokali, ya kama hannuna. Muryarsa ta kusa ƙarewa.

“Isufu, na san ka gane ni tun ran Laraba. Na ga bik ɗinka ya tsaya.”

Na ajiye cokalin.

“Na ce yaron ga ɗan mutunci ne, ba ya kunyata surukinshi. Allah ya yi maka albarka.”

Albarka ya sa mini. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Washegari da hantsi ya cika, saura kwana biyu a kama azumi. Ba a kai ga yi masa gwaji ba, don haka babu takardar da ta ce korona ce, kuma mutanen gari suka ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma daga Larabar nan zuwa ranar amalanke kwana huɗu ne, kuma a hannuna suke. Aka ce mutum kaɗan za su raka shi. Gari duka ya fito, aka yi ta musabaha a bakin kabari, ni kuwa ban iya ce wa kowa ya ja baya ba.

An daɗe da ɗauke Majo Abdu daga nan. Watan jiya, da takardar ajiye aikina ta zo, na nemi lambarsa na kira shi. Na gaya masa rantsuwar da na yi masa a bakin moto ƙarya ce. Sai ya ce, “Baba, mi ya hana ka ce mini in je da kaina? Moto gare ni. Minti biyar ne.”



Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba mugaye ba ne. Suna karya doka ne don kasuwa, don zumunci, don kada a ce wane bai zo ba, kuma za su rufa wa juna asiri har bakin kabari. Ni da nake zaginsu, da irin igiyarsu aka ɗaure ni. Ku da za ku yi aiki a garuruwanku, za a aike ku gidan kawu, gidan malaminku, gidan surukai. In an miƙo muku fish na gidan da ba za ku iya ɗaga kai a cikinsa ba, ku faɗa tun a buro, wato ofishin majo, a tura wani. In kuma kun karɓa, ku ɗaga asabarin, ku dubi fuskar mutum kafin ku sa hannu.