Gonar Ƙarshen Kanal

Malam Rufa'i yana goye a bayan uwarsa ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu. Ya tashi a sabon matsuguni wajen Bebeji, ya gaji 'yar gona can ƙarshen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, inda ruwa kan iso a gajiye. Mutum ne mai kunya, irin kunyar nan mai ban haushi. Ko ƙafarsa ka taka, shi zai ba ka haƙuri.

Shekarar da damina ta ƙi, alkamar rani ce kaɗai abin da gidansa ya dogara da shi. A shekarar ne kuma ƙungiyar manomansu ta gaji da rigimar rabon ruwa, ta ce kwamfuta ta riƙa buɗe ƙofofin kanal. Aka ɗauko wata injiniya, Zulaihat. Aikinta ta tabbatar ta hanyar lissafi cewa manhajar kwamfutar ba za ta taɓa saɓa sharaɗin da manoma suka gindaya ba, komai ya faru, yau ko gobe.

Ta tara su. Masu gonakin sama suka ce kada a rufe wa mutum ruwa sai gonarsa ta ƙoshi.

"Baba, kai ne na ƙarshe," ta ce wa Rufa'i. "Me za a sa maka?"

"Duk wanda ya jira, ruwa ya same shi."

"Cikin kwana nawa, Baba?"

Ya ɗaga kai, ga surukinsa Alhaji Wada, mai gonar farko, a zaune. Ya yanka wa suruki wa'adi a bainar jama'a? Haba!

"Ai ba a haka, 'yata."

Ta sake tambaya, ya ƙi faɗin adadi. Haka ta sa sharaɗinsa ba wa'adi, ta tabbatar da manhajar, lissafi ya fita tsaf.

Rani ya yi rani, ruwa ya ja baya. Gonakin sama suna ta sha ba sa ƙoshi. Alkamar Rufa'i ta fid da kai, ta yi yaushi, bawan Allah yana tsugune bakin busasshen kanal yana kallo. Da abin ya ishe shi ya kira Zulaihat.

"Baba, injin bai saɓa ba," ta ce. "Layinka na nan tafe. Rana ce ba mu sa ba."

Layin ya zo kuwa. Ranar da Rufa'i ya bar wa Hamman makiyayi busasshen karan alkamar, ranar ruwa ya malalo, ya cika kowane kwami. Abin takaici! Shanu suka ci, suka sha.

Ya koma gida ƙafa jiƙe, ya ce wa matarsa Uwani ta auna abin da ya rage a rumbu.

"Malam, tun jiya na share shi," in ji ta.