Ganyen da Ban Rubuta Sunansa Ba

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin bincike kan ganyayyakin daji da ake magani da su. Malamina yana so in gano ko suna da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Ni kuwa ban san ganye ba in ba zogale da rama ba. Sai na tafi Kahu wurin Goggo, yayar mahaifina, wadda masu jego ke zuwa wajenta in jiki ya ƙi daɗi.

Da damina ne. Muka fita bayan gari da hantsi, tana tsinka tana faɗa, ina rubutawa: sabara, marke, kalgo, tafasa. A bakin wata fadama ta durƙusa ta ciro wani ɗan tsiro mai gashi-gashi.

"Goggo, wannan fa?"

"Ba shi da sunan Hausa, 'yar nan. Wata Bafulatana ce ta nuna mini, tun ina amarya."

Ta faɗi sunan da Fulatanci har sau biyu. Rana ta dame ni, ƙafata duk taɓo, ban rubuta ba. Na ce a raina zan tambaye ta in mun koma gida. Ban tambaya ba.

A ɗakin gwaji akwai wani ruwa mai launin shunayya da muke ɗiga wa ruwan ganye. In sinadarin yana da ƙarfi, sai ya koma ruwan ɗorawa. Sabara da marke sun juya shi sannu a hankali. Tsiron fadamar nan kuwa, ɗigo kaɗan ya wanke launin. Na maimaita sau uku. Malamina ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya ce in kawo sunan tsiron da furensa.

Kafin in samu komawa, bayan kaka, ɓarin jikin Goggo ya shanye. Na same ta a kan tabarma, baki ya karkace. Na sa mata ragowar busasshen ganyen a hannun da ke motsi. Ta shinshina, ta gane shi, ta buɗe baki. Wani sauti ne kawai ya fito. Ta sake gwadawa har hawaye ya gangaro mata, na ce, "Bari, Goggo, ba komai."

Na je fadamar ni kaɗai. Karan shinkafa na tarar. Mai gonar ya ce, "Mun yi feshin maganin ciyawa bana, Malama. Ai duk ciyawa ce." Na bi har wata ruga kusa da Unguwar Gai, aka ce Bafulatanar nan ta daɗe da rasuwa. Jikokinta suka juya ganyen a tafin hannu, suka ce ya bushe da yawa, ba za su iya shaida shi ba.

Malamina ya ce abin da ba shi da suna ba ya shiga rahoto. Na cire shafin, na kammala da sauran, aka ba ni sakamako mai kyau. Goggo ta rasu kafin azumi. Ranar sadakar uku matan unguwa suka cika tsakar gida, wata mai tsohon ciki a gefena tana tambayar ta kusa da ita wurin wa za su riƙa zuwa yanzu.