Dakalin Gidan Mama Saratu

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar wata Laraba, abin ya fara. Na riƙe lokacin ne don ɗabi'ata ce in duba agogo kafin in buɗe littafi. Wallahi abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, shekarun baya ina ajin ƙarshe a kwalejin ilimi a Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Wanda ya yarda to, wanda bai yarda ba ma ba zan ja da shi ba, na gaji da bayani.

Ni 'yar Jere ce, karatu ya kai ni can. Haya nake a gidan wata dattijuwa mai noman citta, Mama Saratu, ɗaki ɗaya can ƙuryar gida. Ɗakin ba wani abin kirki ba ne, rufin yana yoyo, wuta sai ta ga dama, ruwa sai na ja a rijiya, makaranta kuma sai na hau mashin. Abin da ya riƙe ni shekara biyu shi ne shirun gidan, da wani dogon dakali na siminti ƙarƙashin mangwaro, daidai tagar ɗakina. A kai suke shanya citta idan an haƙo, a kai nake zama kullum da yamma in yi karatu. Ni kuma ban iya karatu a zuci ba, sai na riƙa furtawa a hankali abin yake zama a kaina.

To ranar nan ina zaune a kan dakalin na buɗe littafi kenan, sai ga Mama Saratu da fartanya a kafaɗa. Ita mace da namiji duk "ka" da "shi" ne a bakinta, har na saba.

"Malama, hayanka zai ƙare ƙarshen wata fa. Za ka ci gaba ko za ka tashi? Akwai wani nas da yake damuna a kan ɗakin."

Dama ƙawata Hannatu, 'yar Manchok, ta daɗe tana cewa in koma ɗakinta kusa da ƙofar makaranta, ga famfo ga wuta, ba hawan mashin. Matsalar Hannatu ɗaya ce, rediyonta ba ya hutawa, bakinta ma haka, ni kuma jarrabawar ƙarshe ce a gabana, wadda in na faɗi ta ban san da wane ido zan kalli babana ba. Amma ranar na gaji, ruwan daren jiya ya jiƙa mini katifa. Na ce, "Mama, ina ga tashi zan yi."

Sai ta kalli dakalin, ba ni ba, ta wuce. Ta juya baya kenan na ji ƙwas, ƙwas, kamar an buga sanda a kan siminti, nan kusa da cinyata. Na duba sama na ce ko mangwaro ne ya faɗo. Ba lokacinsa ba ne ma. Na rufe littafina na shige ɗaki, haka kawai jikina bai ba ni ba.

Daga ranar na daina zama a waje, na koma karatu a ɗaki, a zuci, ina fama. Ni da tsinken tsintsiya nake alamar inda na tsaya, kuma ban taɓa ɓata shafi ba, ku tambayi duk wanda ya san ni. Washegari na dawo daga makaranta na buɗe kwaɗo, na ɗauki littafin, sai na ga tsinken ya koma baya. Ba ko'ina ba, daidai shafin da na tsaya ranar Laraba a kan dakali, inda na daina furtawa. Na ce mantuwa ce. Na yi gaba da karatuna, na sa tsinken, har na ninke kusurwar shafin don in tabbata, abin da ba na yi wa littafi. Kashegari ninkin yana nan, tsinken ya koma wancan shafin. Makullin kwaɗon nan a wuyana yake rataye, taga kuma da ƙarfe. Haka aka yi ta yi, in yi gaba, a mai da ni baya, har na kai ba na gane abin da nake karantawa, sai kallon tsinke.

Da na gaya wa Hannatu dariya ta yi har da riƙe ciki. "Farfesa, karatu ya fara taɓa ki! Na gaya miki ki riƙa fita kina ganin mutane." Amma ta biyo ni gida ranar Asabar. Muna shiga na nuna mata inda na ji bugun sandan, sai dariyar ta tsaya.

"A nan kike zama?"

"Shekara biyu."

"Ke, Farfesa, wannan ai kabari ne."

Innalillahi. Na ja da baya daga dakalin. Mu a wurinmu maƙabarta tana bayan gari, ban taɓa kawowa a raina a binne mutum a tsakar gida a shafe da siminti ba. Hannatu ta ce su haka suke yi, tsofaffinsu a gida suke kwance, ita ma a kan na kakanta take tsince shinkafa, ba wani abu ba ne, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Mama Saratu na tsugune tana wanke citta muka same ta. Ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce kabarin uwar mijinta ne, Kaka suke ce mata. Da ta tsufa idonta ya mutu, to kullum in jikoki sun dawo makaranta da yamma sai ta zauna gindin mangwaron nan a karanta mata, Littafi Mai Tsarki ne, littafin lissafi ne, ita dai ta ji murya. In an kai ƙarshen magana ta ce "uhm", in yaro ya yi shiru ta buga sanda a ƙasa. Ita ta ce a binne ta a wurin. Jikokin duk sun watse, Kaduna, Abuja.

"Kafin ka zo, ba wanda ya gama shekara a ɗakin nan," in ji Mama. "Da ka zo, gida ya kwanta. Na ce to, Kaka ya samu ɗan makaranta."

"Mama, kin sani ba ki gaya mini ba?"

"In gaya maka me? Ya taɓa cizonka?"

Hannatu ta ƙyalƙyale, ni ko murmushi na kasa. Mama ta ce ba ta hana ni tashi ba, amma a gidan nan duk wanda zai bar gida sai ya tsaya gaban Kaka ya gaya mata, har 'ya'yanta maza in za su koma birni suna yi, fasto ya yi faɗa har ya gaji ya bar su.

Sau ɗaya na gwada, don in raba kaina da shakka. Da rana tsaka, kaji na yawo, na tsaya a bakin taga daga ciki na buɗe shafin da tsinken yake, na karanta sakin layi ɗaya a bayyane. Na kai ƙarshensa. Wallahi tallahi, daga wajen taga, a hankali, irin na tsohuwar da ta gamsu, na ji "uhm".

Kwanakin da suka rage ban san yadda zan kwatanta muku gajiyarsu ba. In na zauna, ga shiru, ga Mama da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma na san in dai zan riƙa furtawa ba abin da zai dame ni, shekara biyu ai haka muka yi lafiya. Amma da ban sani ba ne. Yanzu kullum in ɗauki littafi ina sane da wanda nake karanta wa? Addinina bai ba ni ba, zuciyata ma ba ta ba ni ba. In na tashi kuma, ga rediyon Hannatu, ga jarrabawa. Har tausayin tsohuwar na riƙa ji, sai in kama kaina in yi ta'awwuzi. Na rame, na daina cin abincin kirki. Ƙarshe dai na ce wa Mama ta ba nas ɗin.

Ranar tashi masu mashin biyu suka ɗaure kayana. Mama ta nuna mini mangwaro da haɓa. Na je na tsaya gaban dakalin, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ga mutane na kallo, ga mai mashin yana ta hon yana cewa, "Anti, rana na yi fa!" Me zan ce wa siminti? Na juya na hau mashin, ban ce komai ba.

Ɗakin Hannatu yadda na zata haka yake, sai da na koyi karatu da auduga a kunne. Jarrabawa dai Allah ya taimake ni na haye. Lokaci-lokaci nakan tarar tsinkena ya koma baya, sai in ce Hannatu ce take tsokanata, ita kuma ta rantse da Allah ba ta taɓa ba, mu yi 'yar rigima mu bari. Na fi son in yarda ita ce.

Shawarata gare ku, musamman ɗalibai masu kama ɗaki a garin da ba nasu ba, kada ku tsaya kan wuta da ruwa kawai. Ku tambayi mai gida su wa da wa ke cikin gidan, har waɗanda ba sa fitowa. In kuma aka ce ga yadda ake sallama a gida, ku yi tunani sosai kafin ku hau mashin.

Ranar da zan bar Gidan Waya gaba ɗaya na biya in gaida Mama Saratu. Na same ta tana shanya citta a kan dakalin. Muka gaisa, ta sa mini albarka, na yi ta kewaye-kewaye, can dai na daure na tambaye ta ko Kaka tana damun nas ɗin.

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi bayana, sannan ta ce, "Kaka? Tun ranar da ka tashi ba mu ƙara jin motsinshi ba. Ai na ɗauka tare kuka tafi."