Jan Rubutun da Ya Kai Ni Sabon Birni

Tun ranar da maigidana Sani ya kora sauran shanunmu arewa neman ciyawa, tsorona guda ne, kada ya aiko saƙo ban ji ba. Inda yake babu sabis. Akwai wata ƙaramar tasha cikin Nijar mai karanta saƙon makiyaya, nan ya ce zai sanar ko in biyo shi da yara ko in zauna. Rediyonmu ba ta kamo ta. Yayana ya bar mini wata na'ura kamar ɗan yatsa, ana liƙa ta ga salula, ita ke kamowa, amma murya siririya. Sai surukina Baba Ilu ya ƙara ma eriyar na'urar tsawo, ya ɗaura bisa gawo, ya haɗa da kwanon ɗaki. Tun daga nan sai shuuu, da wani jan rubutun Turanci a fuskar salula.

Tozai zuwa Isa

Bayan asuba na goya ɗiyata Hauwa'u na hau kabu-kabu. Gero ya tsaya iya gwiwa, ganye ya murɗe. A shingen 'yan banga wani ya jujjuya na'urar ya ce, "Baiwar Allah, wagga mi ce?"

Mai babur ya ce, "Rediyo ce, fari ya ramar da ita."

Sunka yi dariya, munka wuce. A Isa mai gyaran salula ya duba ya ce ta ƙone. Na zauna gefen hanya. Wata mai fura ta ji zancen, ta ce in tahi Sabon Birni in nemi Malam Garba, tsohon mai gyaran rediyo.

Isa zuwa Sabon Birni

A-kori-kura na samu, tsakanin tumakin da za a kai kasuwa, haƙarƙarinsu a fili. Kowa sama yake duba, ko hadari zai taso.

Malam Garba ya sa guntuwar eriya, ya ja wani layi ƙasa a fuskar salula. Jan rubutun ya ɓace.

"Ɗiyata, eriyarku ina ta kai?"

Na gaya mishi. Ya riƙe haɓa.

"Har kwano? Manyan tashoshi kunka kwaso mata duka, sunka cika mata kunne. In mutane na miki ihu, kina jin mai raɗa? Rubutun ga cewa yake abin ya yi yawa."

Ya kama yatsana ya koya mini rage ƙarfin kamu, sannu-sannu har jan ya tahi. Ya ce in gajarta eriya, in raba ta da kwano.

Komawa gida

Na kwana gidan gwaggona, washegari na iso. Da ladabi na faɗa ma Baba Ilu.

"Ni da na hau gawo da tsufana, yanzu in sake hawa?"

Ya hau, ya kwance. Muryar ta fito tas, na gode Allah, na gode Malam Garba. Na ji saƙon mutane da yawa, ban ji nawa ba. Wani ɗan kasuwa da ya dawo daga Nijar ya ce ya ji tashar ta ambaci Sani na Tozai makon da ya wuce, sai dai bai riƙe maganar ba.

Don Allah, wanda duk za shi wajen can, in ya ga Sani, dogo mai jajayen shanu, ya ce mishi yanzu muna ji. Ya sake aikowa.